Manhajojin da suka cancanci zama a wayarka

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

Ɗauki wayarka ka buɗe jerin manhajojin da ke cikinta ka ƙirga su, sannan ka ƙirga waɗanda ka taɓa a makon nan. Za ka ga da yawa daga ciki zaman kashe wando kawai suke yi, suna tare wuri, suna shan caji, wasu ma suna kwasar bayananka ba da saninka ba. A bidiyon yau zan kawo muku waɗanda ni na yarda da su. Abu biyu nake dubawa kafin in bar manhaja ta kwana a wayata. Na ɗaya, za ta yi min amfani ranar da al'amura suka caɓe, wato data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko wayar ta ɓace? Na biyu, me take nema a wurina kafin ta yi min aikin?

Zan fara da wadda mutane suka fi ƙin saukewa, alhali ita ce ta fi kowacce muhimmanci. Sunanta Bitwarden, kuma aikinta ajiyar kalmomin sirri. Kowa ya san yadda muke yi: kalmar sirri guda ɗaya, ita ce ta imel, ita ce ta Facebook, ita ce ta banki, kuma galibi sunan mutum ne da shekarar haihuwarsa. To idan 'yan kutse suka fasa wani ƙaramin shafi da ka taɓa yin rajista a ciki, har ka manta da shi, abu na farko da za su yi shi ne su ɗauki imel ɗinka da wannan kalma su riƙa gwadawa a manyan shafuka ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ce ke yi musu gwajin, ba ta gajiya.

Bitwarden, wadda ta fito a 2016, tana ƙirƙira maka doguwar kalmar sirri daban ga kowane asusu, haruffa da lambobi a cakuɗe, ta adana, ta kuma cike maka da kanta duk lokacin da za ka shiga. Kai kalma ɗaya tak za ka haddace, wadda ke buɗe manhajar. Tun a cikin wayarka ake kulle bayanan kafin su bar ta, don haka ko ma'aikatan kamfanin ba sa iya karantawa. Amma fa a nan gizo ke saƙar: idan ka manta babbar kalmar, su ma ba za su iya dawo maka da ita ba. Ka rubuta ta a takarda ka adana a inda kake ajiye muhimman takardunka. Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba. Idan ɗan damfara ya turo maka shafin bogi mai kama da na bankinka sak, idonka na iya ruɗuwa, ita kuwa manhajar adireshin shafin take dubawa. Idan bai yi daidai da wanda ta ajiye ba, ba za ta kawo maka kalmar ba. Da ka ga haka, ka tsaya ka sake duba inda kake.

Abokiyar tafiyarta ita ce manhajar tantancewa, kamar Google Authenticator. Dubi allon nan. Lamba shida ce, da ɗan da'ira a gefe yana raguwa, duk daƙiƙa 30 lambar ta canza. Ga yadda abin ke aiki. Ranar da ka kunna tantancewa mai mataki biyu a wani asusu, wato tsarin da ake neman wannan lamba bayan ka sa kalmar sirri, shafin zai nuna maka hoton QR, ka haska shi da kyamara. A cikin hoton nan akwai wani makulli na sirri. Daga ranar, wayarka tana da shi, shafin ma yana da shi. Kowannensu zai haɗa makullin da lokacin da agogo ke nunawa, ya yi lissafi iri ɗaya, lamba iri ɗaya ta fito. Shi ya sa manhajar ba ta buƙatar data ko sabis ko kaɗan. Shi ya sa kuma idan agogon wayarka ya yi gaba ko ya yi baya, lambar za ta ƙi shiga, ka yi ta zargin manhajar alhali agogo ne. Ka bar shi yana saita kansa.

Wani zai ce ai ana turo min lamba ta saƙon tes. Gaskiya ne, ya fi babu. Sai dai layi ana iya sace shi, ana kuma iya yaudarar kamfanin waya a mayar da lambarka kan wani sim, saƙonninka su koma hannun ɓarawo. Lambar cikin manhaja ba ta bi ta layi. Idan ka kunna wannan tsari a asusun Google, za a ba ka lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowacce ana amfani da ita sau ɗaya. Don Allah ka kwafe su a takarda. Ɗaukar hotonsu ka bari a cikin wayar da kake tsoron ɓacewarta ba dabara ba ce.

Sai mu koma kan ranar da babu intanet. Mutane da yawa ba su san cewa GPS, wato tsarin da ke nuna wa waya inda kake, ba ya cin data ba. Taurarin ɗan adam ne da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa suke watso sigina, wayarka saurare kawai take yi. Idan ta jiyo aƙalla guda huɗu, ta san inda kake tsaye. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar, tituna da sunayensu. To idan ka sauke taswirar tun kana da intanet, an gama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Google Maps tana ba ka damar zaɓar yanki ka sauke, amma idan babu intanet hanyar mota kaɗai za ta nuna maka, ba ta nuna ta ƙafa, ba ta nuna cunkoso. Ni Organic Maps na fi so a wannan fanni. Tana amfani da taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004, kuma 'yan sa-kai ne daga ko'ina a duniya suke zana ta. Kana sauke yankin da kake so, shi ke nan, neman wuri da hanyar ƙafa da ta keke da ta mota duk suna aiki ko da wayar tana yanayin jirgin sama. Ba talla, ba rajista. Rauninta shi ne ingancin taswirar ya danganta da yadda 'yan sa-kai suka himmatu a wurin. Wani gari za ka ga har ƙananan lunguna an zana, wani kuma manyan tituna kaɗai. Saboda haka ni duka biyun nake ajiyewa.

Kiwix kuwa, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007, tana sauke maka Wikipedia sukutum cikin waya, ka karanta ba tare da intanet ba. Ta Turanci gaba ɗayanta da hotuna ta kai wajen gigabait 100, ba kowace waya za ta ɗauka ba. Amma akwai ƙanana: wadda ba hotuna, wadda ta ƙunshi fannin lafiya kaɗai, ko lissafi kaɗai, da kuma Wikipedia ta Hausa, wadda ba ta da nauyi sosai. Ɗalibi ko malami da ya sauke wannan sau ɗaya ya huta.

Google Translate ma ana iya sauke mata harsuna. An sa Hausa a cikinta tun ƙarshen 2013, a 2023 kuma aka ba da damar sauke ta don aiki ba intanet. Ka haska kyamara a kan takardar bayanin wata na'ura ko allon sanarwa da aka rubuta da harshen da ba ka ji, fassarar ta hau kan rubutun nan take. Tana da kyau wajen gane inda magana ta dosa. Amma kada ka sa hannu a yarjejeniya ko ka sha magani bisa fassararta, don wani lokaci Hausar da take fitarwa sai ka karanta sau biyu kafin ka gane abin da take nufi, wani lokaci kuma ma'anar ce take juyewa gaba ɗaya.

Wajen kallo da saurare, VLC. Wasu ɗalibai ne a makarantar École Centrale ta birnin Paris a Faransa suka fara aikin a 1996, aka sake shi ga kowa kyauta a 2001, kuma har yau ba ta ɗora wa mutane talla ba. Kusan duk irin bidiyo ko sautin da ka ba ta za ta buɗe. Kalli yatsana: idan na ja sama a gefen hagu haske ya ƙaru, a gefen dama murya ta ƙaru. Abin da ya fi burge ni shi ne za ka iya mayar da bidiyo sauti zalla, ka kashe fuskar waya ka sa a aljihu, karatu ko lacca na ci gaba, caji bai zube ba. Idan mai magana yana jan rai, ka ƙara masa sauri.

Wasu uku zan ambata a gurguje. Google Keep don rubuta abin da ya faɗo maka a rai kafin ya gudu, da rubutu ko da murya. Snapseed don gyaran hoto, ba ta manna maka tambarinta a kai. Sai Gboard: ka ƙara Hausa a jerin harsunanta, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ, ka daina rubuta kofa inda kake nufin ƙofa.

Yanzu maganar memori ya cika. Da zarar wayar mutum ta fara wannan ƙorafi, sai ya garzaya ya sauke irin manhajojin nan masu cewa za su wanke waya, su ƙara mata sauri, har su sanyaya batir. Ni dai shawarata a goge su. Android da kanta take tafiyar da manhajojin da ke aiki a bayan fage. Idan aka kashe su da ƙarfi, sake tashi suke yi, kuma tashin ya fi cin caji a kan barinsu. Abin da ka samu kawai shi ne hoton tsintsiya tana shara da tallace-tallace bayan kowane dannawa.

Files by Google ta ishe ka. Tana nuna maka fayilolin da suka maimaitu, da manya-manyan da ka manta da su, da manhajojin da ka daɗe ba ka buɗe ba, kuma abin da ka goge yana zama a kwandon shara kwana 30, ko da ka yi kuskure. Amma babban mai laifi galibi WhatsApp ne. Shiga saitinsa, ka nemi wajen ma'ajiya da data, ka buɗe inda aka rubuta Manage storage. Zai jera maka fayilolin da suka wuce megabait 5, da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. A nan za ka tarar da bidiyo ɗaya ya shigo maka daga guruf uku. Ka share, sannan ka kashe saukewa ta kai-tsaye, bidiyo ya daina shigowa sai ka danna da kanka.

Tunda na ce ina duba abin da manhaja take nema, ga misali. A 2013 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta tuhumi masu wata manhajar tocila da miliyoyin mutane suka sauke, saboda tana aika wa 'yan talla bayanin inda masu wayar suke ba tare da ta fayyace musu ba. Tocila fa. Me ya haɗa kunna fitila da sanin inda kake? Tun daga Android 6 da ta fito a 2015, manhaja sai ta tambaye ka kafin ta taɓa kyamara ko makirufo ko jerin lambobinka, kuma kana da ikon cewa a'a. Shiga saiti, ɓangaren sirri, ka duba waɗanda ka ba izinin shiga lambobin mutanenka da saƙonninka. Duk wadda aikinta bai shafi wannan ba, ka ƙwace izinin. A Android 12 zuwa sama, da kuma iPhone daga iOS 14, wani ɗan ɗigo yana bayyana a saman fuskar waya duk lokacin da ake amfani da kyamara ko makirufo. Idan ka gan shi kuma ba kira kake yi ba, ba hoto kake ɗauka ba, ka jawo saman allon ka ga wace ce.

Ta ƙarshe tana cikin wayarka tuni, kunnawa kawai take jira. A Android ana kiranta Find My Device, yanzu an mayar da sunan Find Hub, a iPhone kuma Find My. Idan waya ta ɓace, daga kowace kwamfuta ko wayar wani za ka shiga asusunka ka ga inda take a taswira, ka sa ta yi ƙara ko da tana a shiru, ka kulle ta, ko ka goge komai daga nesa idan ka fid da rai. Sharaɗin shi ne a ce ka kunna tun kafin ɓacewar, kuma kana iya shiga asusunka ba tare da wayar ba. A nan lambobin ko-ta-kwana da ka kwafe za su yi maka rana. Kafin ka rufe bidiyon nan, danna tauraro, hash, sifili, shida, hash, kamar za ka yi kira. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, lambar shaidar wayarka, kuma ita za a tambaye ka idan ka kai rahoton sata. Rubuta ta a jikin waccan takarda.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a huta lafiya.