Anthony Hopkins: Ɗan Mai Gidan Burodi Da Ya Gigita Duniya Daga Tsaye

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau Birtaniya za mu leƙa, wajen wani dattijo da yake wasan kwaikwayo tun 1960, a kan dandamali da kuma gaban kyamara. Matasan cikinku sun san fuskarsa a finafinan Thor, inda ya fito a matsayin Odin, tsohon sarkin nan mai ido ɗaya. Manya kuma sun san shi da wani likita mai cin naman mutane. Sunansa Anthony Hopkins.

An haife shi ranar 31 ga Disamba, 1937, a Margam da ke gefen Port Talbot a kudancin Wales. Wales tana cikin Birtaniya, amma ba Ingila ba ce, tana da harshenta da al'adunta, kuma mutanenta ba sa son a haɗa su da Turawan Ingila. Port Talbot gari ne na masana'antar ƙarfe, garin hayaƙi da leburori. Mahaifinsa, Richard Hopkins, gidan burodi yake da shi, kuma Anthony shi kaɗai ne ɗansu. Bayan ya yi suna ya sha faɗa cewa duk lokacin da girman kai ya fara shigarsa, hannayen mahaifinsa yake tunawa, waɗanda aiki ya sa suka yi kanta suka tsattsage.

A makaranta bai yi komai ba. Karatu ba ya shiga, abokai babu, sai zane da kaɗa fiyano. Shi da kansa ya yarda cewa daƙiƙi ne, kuma wannan tabo ya daɗe bai warke ba. Yana da shekara 15 ya je neman sa hannun Richard Burton, wani ɗan yankinsu da ya riga ya zama tauraro. Ganin ɗan mai haƙar kwal daga ƙasarsu ya dawo gida da suna da mota mai tsada, sai yaron ya ƙudurta a ransa cewa shi ma sai ya fita daga garin nan. Ya samu gurbi a kwalejin kiɗa da wasan kwaikwayo ta Cardiff, ya gama a 1957, ya yi shekara biyu yana aikin soja na dole, daga nan ya wuce RADA, babbar makarantar 'yan wasa da ke Landan.

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan tsaya a kan bambancin wasan daɓe da fim, domin labarin mutumin nan kaf a kansa yake. A fim, idan ka yi kuskure darakta zai tsayar, a sake ɗauka, sau goma ma idan ta kama. A dandamali babu wannan gata. Mutum ɗari-ɗari suna zaune a gabanka, wasan zai kai awa uku, kuma dole na kujerar ƙarshe ya ji kowace kalma. Gobe da daddare ka sake yin sa daga farko, jibi ma haka, wata da watanni. A wannan horo ƴan wasan Birtaniya na zamaninsa suka taso, shi ya sa in sun buɗe baki za ka ji kalma tana fita daram.

A 1965 Laurence Olivier, wanda a lokacin babu sama da shi a wasan daɓe a Ingila, ya ɗauke shi aiki a National Theatre, kamfanin wasan kwaikwayo na ƙasa. Ya zama mai jiran gado: ka haddace rawar babban ɗan wasa, ka zauna a bayan labule ko Allah zai sa wata rana a neme ka. A 1967 ranar ta zo. Ciwon afendis ya kwantar da Olivier ana tsakiyar nuna wani wasa na marubucin Suwidin, August Strindberg, sai aka tura Hopkins ya maye gurbinsa. Daga baya Olivier ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa matashin ya ɗauke rawar ya tafi da ita kamar kyanwa ta cafke ɓera.

Shekara guda bayan haka ya yi babban fim ɗinsa na farko, The Lion in Winter, tare da Peter O'Toole da Katharine Hepburn. Hepburn, wadda ta daɗe a Hollywood, ta ba shi shawarar da ya riƙe har tsufa: ya daina nuna wa kyamara cewa wasa yake yi, ya faɗi kalamansa kawai, kyamara za ta yi sauran aikin. Ga wanda ya saba cika zaure da murya, wannan darasi ne mai wuyar haɗiya, kuma sai da ya kwashe shekaru kafin ya gama gane shi.

Amma a wannan lokacin akwai abin da yake cinye shi, wato giya. Yana sha ba ƙaƙƙautawa, ga zafin rai, ga rigima da daraktoci. A 1973 ana cikin nuna Macbeth na Shakespeare, shi ne kuma jarumin wasan, ya tattara nasa ya nasa ya bar kamfanin. A duniyar wasan daɓe wannan ba ƙaramin laifi ba ne, don ka bar abokan aiki da masu tikiti a hannu cikin tsaka mai wuya. Ya tafi New York a 1974 ya yi wasa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan daɓe ta birnin, daga can ya zarce California. Ya ba da labarin yadda ya taɓa tuƙa mota cikin maye bai san inda yake ba, da ya dawo hayyacinsa sai ya gane cewa da ya iya kashe wani. Ranar 29 ga Disamba, 1975, saura kwana biyu ya cika shekara 38, ya ajiye kwalba, ya nemi taimakon ƙungiyar masu fama da shaye-shaye. Bai sake komawa ba. A ƙarshen shekara yakan fito a bidiyo ya faɗi adadin shekarun da ya yi ba giya, yana ƙarfafa wa masu fama da ita gwiwa. Ni a wajena duk abin da za ku ji daga nan zuwa ƙarshe, wannan rana ce ta haife shi.

Shekarun da suka biyo baya a Amurka sun zo masa da gauraye. Ya ci lambar Emmy, babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka, sau biyu, ɗaya a kan fitowa a matsayin Hitler. Ya fito likita mai tausayi a The Elephant Man a 1980. Sauran kuwa da yawansu aikin neman abinci ne, ba wanda yake tuna su. Da ya ga tauraron da ya tafi nema bai haska ba, sai ya koma Landan, ya koma National Theatre ɗin da ya gudu ya bari. A 1985 ya fito a wani wasa mai suna Pravda a matsayin attajirin jaridu ɗan Afirka ta Kudu, mara imani, ya girgiza masu kallo. A wasannin Shakespeare kuma ya fito a Sarki Lear a 1986, ya fito a Antony a 1987 tare da Judi Dench. Ya haura shekara 50 ana girmama shi a Landan, amma a kasuwar fim ta duniya ba shi ake nema ba.

A 1989, yana wani wasa a Landan, aka aiko masa da rubutun wani fim daga Amurka, The Silence of the Lambs. Ya ce da ya ji sunan ya ɗauka labarin yara ne. Darakta Jonathan Demme ya zaɓe shi ne saboda likitan kirkin nan na 1980, yana so ya ga irin wannan hankali da natsuwa a jikin mugu.

Ku dubi fitowarsa ta farko a fim ɗin. Jodie Foster, a matsayin ɗalibar hukumar FBI, tana tafiya a wani dogon lungu na ƙarƙashin ƙasa, tana wuce ɗakunan fursunoni masu taɓin hankali, wani na surutu, wani na zage-zage. Ta iso ɗaki na ƙarshe, wanda gilashi ne a gabansa maimakon ƙarafa. Ga Hopkins a matsayin Hannibal Lecter, likitan nan mai cin naman mutane, a tsaye a tsakiyar ɗakin, hannuwa a saki, kaya tsaf, kai a miƙe, kamar tun ɗazu ita yake jira. Ya gaishe ta cikin ladabi. Hopkins ne ya kawo shawarar a same shi a tsaye haka. Mun saba ganin bos a fim yana zare ido yana daka tsawa. Wannan ba ya ɗaga murya, da ƙyar ma yake ƙifta ido, kuma shi ya sa tsigar jiki take tashi. Fim ɗin ya kusa awa biyu, fitowarsa duka ba ta kai rabin awa ba, amma da ita ya ci Oscar na gwarzon jarumi a 1992, yana da shekara 54. A 1993 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi lambar girma ta Sir. Ya sake fitowa a Lecter a 2001 da 2002, an samu kuɗi, sai dai tsoron ya ragu, don an nuna shi ya yi yawa.

Mutane kan ce baiwa ce. Akwai baiwa, ba musu, amma ku ji yadda yake aiki. Idan aka ba shi rubutun fim, yakan karanta nasa kason da ƙarfi fiye da sau 200, har kalmomin su zauna a bakinsa ya daina tunanin me zai faɗa a gaba. Wanda ba ya laluben kalma a ransa shi ne zai iya tsayawa cik ya saurari abokin wasansa, ya bar ido ya yi magana. Wannan hadda daga dandamali ya kawo ta, inda babu mai tsayar da wasa don ka manta layi. A 1997 Steven Spielberg ya yi fim ɗin Amistad, kan mutanen Mende na Saliyo da aka sace a 1839 suka yi tawaye a cikin jirgin ruwan bayi. Hopkins ya fito a matsayin tsohon shugaban Amurka John Quincy Adams, wanda ya kare su a kotun ƙoli. Jawabin kotun shafi bakwai ne, ya zo da shi a ka ya zubo shi a tashi ɗaya. Tun daga ranar Spielberg ya kasa kiransa Tony, sai Sir Anthony.

Idan kuka tambaye ni aikinsa mafi kyau, ba Lecter zan ce ba. The Remains of the Day zan ce, na 1993. A nan shi ne Stevens, shugaban ma'aikatan gidan wani basarake a Ingila gab da Yaƙin Duniya na Biyu, mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa ga ubangidan da daga baya aka gane yana yi wa 'yan Nazi kallon abokai. Da yake shirya rawar, ya nemi shawarar wani tsohon hadimin fadar Buckingham, Cyril Dickman, wanda ya ce masa hadimi na ƙwarai in yana cikin ɗaki sai ɗakin ya ƙara zama kamar ba kowa. Akwai inda mahaifin Stevens yake gargarar mutuwa a ɗakin sama, shi kuma yana ƙasa yana hidimar manyan baƙi. Aka zo aka sanar da shi tsohon ya cika. Ya yi godiya, ya ce yana da aiki yanzu, zai hau daga baya. Akwai kuma inda Emma Thompson, a matsayin shugabar ma'aikata mata wadda yake so bai taɓa furtawa ba, ta ritsa shi a lungun ɗakinsa tana son ganin littafin da yake karantawa. Tana ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga jikin littafin, shi kuwa idonsa na kan fuskarta, hannunsa ɗaya a sama kusa da gashinta, ya kasa taɓawa. Da ta karɓa ta ga labarin soyayya ne, sai ya ce don gyara Turancinsa yake karantawa, ya roƙe ta ta bar shi ya huta. Duk wanda ya san dattijon da kunya da kawaici suka hana shi faɗin abin da ke ransa har lokaci ya ƙure, zai ji wannan a ƙirjinsa. An sa shi takarar Oscar, Tom Hanks ya ɗauka.

Tun bayan 1989 bai sake ɗaukar dogon wasan daɓe ba. Ya ce maimaita abu ɗaya kowane dare yana gundurarsa, kuma bai taɓa jin shi ɗan gida ne a cikin manyan gidan wasan Landan ba. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 2000 ba tare da ya saki Birtaniya ba, kuma kafin nan, a 1998, ya ba da fam miliyan ɗaya don a sayi wani yanki na tsaunin Snowdon a Wales a adana shi.

Sai 2020, da fim ɗin The Father na daraktan Faransa Florian Zeller, kan tsohon da gigin tsufa ya kama. Zeller ya sa wa tsohon suna Anthony, ya kuma ba shi ranar haihuwar Hopkins ta gaskiya. An shirya fim ɗin ne yadda mai kallo zai ruɗe tare da shi: kayan ɗaki suna sauyawa ba sanarwa, fuskar 'yarsa ta koma ta wata mata, yana ta neman agogonsa yana zargin an sace. A ƙarshe mutumin da ya fara fim ɗin da izza da barkwanci ya koma yana kuka yana kiran mahaifiyarsa ta zo ta tafi da shi gida. Masu jinyar iyaye a irin wannan hali sun san ba ƙari a ciki.

A bikin Oscar na Afrilun 2021 kowa ya sa ran Chadwick Boseman, jarumin Black Panther da ciwon daji ya kashe a Agustan 2020, shi za a ba kyautar gwarzon jarumi. Masu shirya bikin har sun mayar da kyautar gwarzon jarumi ta zama ta ƙarshe. Da aka buɗe ambulan sai ga sunan Hopkins. Ba ya zauren, yana Wales yana barci. Washegari ya fitar da ɗan gajeren bidiyo, ya ce bai yi tsammani ba, ya yi godiya, ya kuma jinjina wa Boseman da ya rasu da ƙuruciyarsa. Yana da shekara 83 a lokacin, babu wanda ya taɓa cin wannan kyauta da yawan shekaru haka. Bai kuma yi ritaya ba: a 2023 ya fito a matsayin Nicholas Winton, Baturen Ingilan da ya taimaka aka kwashe yara 669, akasarinsu Yahudawa, daga birnin Prague zuwa Birtaniya a 1939.