Gasar Ironman Bayan Tiyata: Wa Ke Yanke Ranar Komawa Fili?

Kabiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ni ne Kabiru, tare da ni kuma akwai Malama Hadiza da Malam Nura. Yau za mu tattauna ne a kan ɗan wasan da aka yi wa tiyata, jikinsa bai gama murmurewa ba, amma ya ɗaura niyyar shiga gasar tirayatulon mai dogon zango. Malam Nura, fara bayyana mana girman abin da ake magana a kai.

Nura: To, Malam Kabiru, a gasar da aka fi sani da Ironman, mutum zai yi iyo na kilomita 3.8, ya fito ya hau keke ya ci kilomita 180, sannan ya sauka ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42.2, duk a jere ba tare da hutu ba, kuma galibi ana ba shi awa 17 ne ya kammala. An fara ta a tsibirin Oahu na Hawai a 1978, inda mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe. Ko mai cikakkiyar lafiya sai ya yi watanni yana atisaye kafin ya tunkare ta.

Hadiza: Abin da ya fi damuna shi ne, jiki ba ya warkewa a lokaci ɗaya. Fata takan haɗe cikin mako biyu ko uku, a cire zare, mutum ya duba ya ga wurin ya bushe, sai ya ɗauka an gama. Alhali a mako na uku ƙarfin naman da aka ɗinke bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na yadda yake a da ba, kuma ko bayan watanni uku iyakarsa wajen kashi 80. Kamar bango ne da yaɓensa ya bushe ta waje, cikinsa kuwa ɗanye ne. Wanda aka yi wa aikin ƙaba ko wani aiki a ciki, idan ya duƙa a kan keke na awa shida ko bakwai, wannan ɗanyen wurin ne ke ɗaukar nauyin.

Kabiru: Amma Malama, mai atisaye zai ce miki zaman ma yana da tasa hasarar.

Nura: Kuma yana da gaskiya. A binciken da aka yi a birnin Dallas na Amurka a 1966, an kwantar da samari biyar a gado na mako uku, sai aka tarar ƙarfin jikinsu na amfani da iskar da suke shaƙa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya shekara yana gina jikinsa, ya biya kuɗin rajista, yana ganin ranar gasa na matsowa, dole hankalinsa ya tashi. Shi a ganinsa, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Hadiza: Ban musa ba, Malam Nura, kuma babu likitan da zai ce a kwanta kurum, domin tafiya a ƙasa tun kwanakin farko tana rage haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Sai dai zuciya da huhu sukan dawo da ƙarfinsu cikin makonni, ƙashi da jijiya da naman da aka yanka kuwa suna bukatar watanni. Nan ne haɗarin yake, domin mutum zai ji numfashinsa ya dawo, ya ƙara nisa da sauri, wurin aikin kuma bai shirya ba. Wanda aka gyara wa jijiyar gwiwa, alal misali, ana yawan ba shi shawarar ya jira kamar wata tara kafin ya koma gasa.

Kabiru: Mutane da yawa kan kawo labarin Tim Don a matsayin hujja.

Nura: Haka ne. Ɗan wasan tirayatulon ne daga Birtaniya, mota ta buge shi yana atisayen keke a Hawai a watan Oktoba na 2017, 'yan kwanaki kafin gasar Ironman ta duniya da ake yi a garin Kona na can Hawai, ƙashin wuyansa ya karye. Ya yi kusan wata uku da ƙarfen da aka ɗaure masa a ƙoƙon kai, amma a Afrilun 2018 ya yi gudun fanfalaki na Boston cikin ƙasa da awa uku, ya kuma koma Kona a wannan shekarar.

Hadiza: Labari ne mai ƙarfafa gwiwa, amma a lura cewa wasan shi ne sana'arsa, likitoci da masu gashin ƙashi suna bibiyarsa a kai a kai, kuma gasar da ya ji rauni dab da ita bai shige ta ba, shekara guda ya jira. Mai aikin ofis da ke atisaye da asuba ba shi da wannan gatan.

Kabiru: To, idan likitan da ya yi aikin ya ba da izini, ta ina ake farawa?

Hadiza: Da farko ya faɗa wa likitan ainihin nisan da awannin, domin izinin motsa jiki daban ne da izinin yin awa goma sha wani abu a fili. Iyo ba a shiga sai miki ya rufe gaba ɗaya, saboda ƙwayoyin cuta, musamman a tafki ko teku. Keken da ke kafe a ɗaki yakan riga na titi, gudu kuma shi ne na ƙarshe saboda bugun ƙasa. A auna jini ma, domin wanda ya zubar da jini a tiyata zai iya fama da ƙarancinsa. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a sha maganin kashe zafi irin su ibuprofen don a danne ciwo ranar gasa, domin idan ya haɗu da ƙarancin ruwa a jiki yana iya taɓa ƙoda, kuma yana ɓoye gargaɗin da wurin aikin ke bayarwa.

Nura: Akwai kuma matsakaiciyar hanya. Ana yin rabin zangon, wato iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1. Wasu gasannin suna da rukunin iyo da keke kaɗai, wasu kuma suna barin mutum uku su raba zangon a tsakaninsu, ta yadda mai jinyar gwiwa zai ɗauki iyo ya bar wa abokinsa gudu.

Kabiru: Malama Hadiza, Malam Nura, na gode muku. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.