Jawabi Kan Tsarin Kiwo da Noma na Ƙabilar Nabaho

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, barkanmu da wannan zama.

Tunda Allah Ya zaunar da mu a Amurka, ya kamata mu san labarin waɗanda suka riga kowa zama a cikinta. Nabaho, masu kiran kansu Dine, ƙasarsu ta ratsa jihohin Arizona, Niyu Meziko da Yuta, faɗinta ya kai murabba'in mil 27,000, galibinta fako da rairayi. Makiyaya ne. Tumaki yawanci na mata ne, da gashinsu suke saƙa barguna da dardumai.

A shekarun 1930, gwamnatin Amurka, ta bakin John Collier, kwamishinan harkokin ƙabilun asali na ƙasar, ta ce dabbobi sun yi wa ƙasar yawa, ƙasa na zaizayewa. Zaizayar gaskiya ce, amma ba a nemi shawarar masu dabbobin yadda ya kamata ba. Aka harbe dubban awaki da tumaki, aka bar gawarwakinsu a kwazazzabai, tsofaffin mata na tsaye suna kallon dukiyarsu tana ruɓewa. Daga baya aka raba takardun izinin kiwo, kowane gida da adadinsa. Har gobe da waɗannan takardun ake aiki, ana gadonsu, ana rigima a kansu, matasa da yawa kuma ba su da ko ɗaya.

Shi ya sa yau duk jami'in da ya ambaci rage dabbobi, sai zauren taro ya ɗauki zafi. Ga fari kuwa ya ƙi ƙarewa. A 2018 an tarar da dawakai kusan 200 matattu a cikin laka, a bakin wani tafki da ya ƙafe kusa da garin Gray Mountain a Arizona.

Wata dokar Amurka ta 1993 ta tanadi a riƙa tsara noma da kiwo na shekara goma a ƙasashen ƙabilu, tare da tarukan jin ra'ayin jama'a. Nabaho suna da gundumomi 110 da zaɓaɓɓun kwamitocin kiwo. Aikin yana tafiyar hawainiya, wallahi, amma mai tumakin yana cikin ɗakin ana magana.

Mu ma muna da dokar gandun kiwo tun 1965 a Arewa, kun kuma san yadda gonaki suka cinye burtali. Roƙona ga kwamitin ayyuka shi ne, kafin mu sake tura kuɗin rijiyar burtsatse gida, a fara zaunar da mai gari, ardo, sarkin noma da mata masu kiwo, su nuna inda za a haƙa da hanyar da dabbobi za su bi zuwa ruwan.

Na gode.