Garkuwar Manila ta 2010 da Tsamin Dangantakar Filifin da Sin

Assalamu alaikum. Malam shugaban taro, malamaina, 'yan uwa ɗalibai, ina godiya da wannan dama. An ce in yi magana a kan yadda cin zarafin masu yawon buɗe ido yake taɓa hulɗar ƙasashe, ni kuma na zaɓi in tsaya a kan misali guda, wato abin da ya faru a Manila, babban birnin Filifin, ranar 23 ga Agusta, 2010. Abubuwa uku zan ɗauka: abin da ya faru a ranar, rigimar neman afuwa da ta biyo baya, sannan matsayin gwamnatin Beijing a cikin lamarin. Na baya, kuna ji na kuwa? To madalla.

Mu fara da ranar. Da misalin ƙarfe goma na safe, wata motar safa ɗauke da mutum 25, mafi yawansu baƙi daga Hong Kong, yankin Sin mai gwamnatinsa ta cikin gida, da suka zo ta hannun kamfanin Hong Thai, tana tsaye a tsohuwar unguwar Intramuros, sai wani mutum sanye da kayan 'yan sanda, riƙe da bindiga M16, ya shiga. Sunansa Rolando Mendoza, tsohon babban sufeto ne wanda ya taɓa samun lambobin yabo, amma aka kore shi daga aiki a 2009 bisa zargin tatsar kuɗi daga hannun wani da suka kama. Ofishin Ombudsman, wato hukumar da ke sauraron ƙorafi a kan ma'aikatan gwamnati, shi ya yanke masa wannan hukunci, har da soke haƙƙoƙinsa na ritaya. Ya nemi a sake duba shari'ar, takardar ta kwanta a ofis wata tara babu amsa. Ya sa aka kai motar gaban dandalin Quirino a cikin lambun Rizal, inda shugaban ƙasa Benigno Aquino na Uku ya yi rantsuwar kama mulki ƙasa da wata biyu kafin nan, ya ce buƙatarsa ɗaya ce: a mayar da shi bakin aikinsa.

Ku lura da wannan sosai, domin duk maganata a kansa ta rataya. Mutumin nan bai da wata ƙiyayya da Sinawa, bai ambaci siyasa ba, bai nemi a saki wani fursuna ba. Aikinsa yake nema. Masana sasanci da masu garkuwa suna ɗaukar irin wannan a matsayin mafi sauƙin warwarewa, domin wanda yake neman a mayar da shi aiki mutum ne da har yanzu yake hangen gobe. Kuma halinsa na yini ya nuna haka, don kuwa ya saki mutum 9 a hankali a hankali, cikinsu da yara da tsofaffi, ya bari aka kai abinci, aka ƙara wa motar mai saboda na'urar sanyaya iska ta ci gaba da aiki. Har la'asar babu wanda ya ji rauni.

To me ya lalata al'amarin? Mataimakin magajin garin Manila, Isko Moreno, ya tafi ofishin Ombudsman ya dawo da wasiƙa wajen magariba. Wasiƙar ba ta mayar da shi aiki ba, alkawari kawai ta yi cewa za a duba batunsa. Mendoza ya karanta ya ce shara ce. A daidai wannan lokaci, lokacin da ya fi kowane lokaci buƙatar lallashi, sai magajin gari Alfredo Lim, wanda shi ne shugaban kwamitin kula da rikicin, ya ba da umarnin a kama ƙanen Mendoza, Gregorio, shi ma ɗan sanda, wanda aka shigo da shi cikin sasancin. Bayan ya ba da umarnin, sai shi da kwamandan 'yan sandan Manila suka bar wurin suka tafi wani gidan abinci. Na ga wasu suna dariya. Wallahi ba ƙari na yi ba, yana cikin rahoton binciken da gwamnatin Filifin da kanta ta yi.

Yanzu ku dubi yadda abin ya kasance. Gregorio ya ƙi tafiya, ya kwanta a ƙasa, danginsa suka rungume shi suna kuka, 'yan sanda suna jan sa, 'yan jarida sun kewaye su da kyamarori ana watsawa kai tsaye. A cikin motar safar kuwa akwai talabijin, kuma a kunne take. Mutum mai bindiga, wanda aka riga aka fusata da wasiƙa, yana zaune yana kallon ana jan ƙanensa a ƙasa. Kuma a wannan lokacin wani gidan rediyo yana hira da shi ta waya, kai tsaye, har masu sasancin suka kasa samun layinsa. Ya yi gargaɗi ta rediyon cewa a saki ƙanensa ko ya fara harbi. Mutanen gari sun ji gargaɗin a gidajensu, waɗanda ke da ikon yanke shawara ba sa wurin. Ina so in maimaita: akwai talabijin a cikin motar, kuma tun safe babu wanda ya yi tunanin hana watsa hotunan, ko matsar da 'yan jarida nesa, ko katse layin wayar da wani ɗan jarida zai iya kira.

Aka fara jin ƙarar harbi. Direban motar, wanda aka ɗaure wa hannu da ankwa a jikin sitiyari, ya samu ya kuɓuce ya fito da gudu yana cewa an kashe kowa. Sai rundunar musamman ta 'yan sandan Manila ta afka wa motar cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Abin da duniya ta gani daga nan shi ne abin da Hong Kong ba ta manta ba. Jami'ai suna dukan tagogi da guduma, tagogin sun ƙi fashewa. Suka ɗaura igiya a ƙofa domin su ja ta da mota, igiyar ta tsinke. Babu tsani, babu abin fasa ƙofa, wasu ma babu cikakken sulke a jikinsu. Fiye da sa'a guda suna kewaye da mota guda, alhali a ciki akwai masu rauni da jini ke zuba daga jikinsu. Akwai wata runduna ta ƙasa da ta fi su horo da kayan aiki, tana kusa, ba a sa ta a gaba ba sai can daga baya. Wajen ƙarfe tara saura na dare wani maharbi ya harbe Mendoza. An kashe baƙi 8, duk daga ayarin Hong Kong, cikinsu da jagoran tafiyar. Wata uwa ta rasa mijinta da 'ya'yanta mata biyu a wannan dare, ɗanta namiji kuma ya samu mummunan rauni a ka.

Na daɗe a kan wannan da gangan. Ana kashe baƙi a ƙasashe da yawa, kuma ba kasafai hakan ke ɓata tsakanin gwamnatoci ba, domin kowa ya san babu ƙasar da ba ta da miyagu. A 2005 ma, a dandalin Tiananmen na Beijing, wani mutum ya daɓa wa wasu 'yan Filifin masu yawon buɗe ido wuƙa, uba da 'yarsa suka mutu, kuma hakan bai jawo rikicin diflomasiyya ba. Abin da ya bambanta Manila shi ne mutanen Hong Kong sun shafe yini guda a gaban talabijin suna kallon 'yan uwansu da rai, suna kallon ana sakin wasu, sannan suka kalli yadda sakacin hukuma ya juya lamarin da idonsu. Ba su buƙaci wani ya ba su labari ba. A ganina, ba don wannan kallo ba, da rigimar ba ta kai shekara ba.

Na biyu, kuma dole in gaggauta, na ga shugaban taro yana duban agogo. Shugaban Hong Kong na lokacin, Donald Tsang, ya yi ta neman Aquino ta waya a ranar bai same shi ba. Da Aquino ya fito gaban manema labarai sai aka ga kamar yana murmushi, daga baya ya bayyana cewa haka fuskarsa take yi idan abu ya dame shi, amma hoton ya riga ya zagaya. Sai kuma aka ga akwatin gawar Mendoza lulluɓe da tutar ƙasa, ofishin jakadancin Sin ya yi tir da hakan. Hong Kong ta sanya Filifin a matakin baƙi na gargaɗin tafiye-tafiye, wato mafi tsanani, kuma dubun dubatar mutane suka yi tattaki ranar 29 ga Agusta. Kwamitin bincike ƙarƙashin ministar shari'a Leila de Lima ya ba da shawarar a tuhumi manyan jami'ai har da Lim, amma fadar shugaban ƙasa ta sassauta shawarwarin. A Maris 2011 kotun binciken musabbabin mutuwa a Hong Kong ta yanke cewa kisan gilla ne, kuma gazawar jami'an Filifin ta taimaka wajen aukuwarsa.

Iyalan suka tsaya a kan buƙatu huɗu: neman afuwa, diyya, hukunta jami'ai, da matakan kare baƙi. Aquino ya ce ba zai nemi afuwa da sunan ƙasa a kan laifin mutum ɗaya ba. Hujja ce mai kama hankali, sai dai ba laifin Mendoza iyalan suke magana a kai ba, laifin masu guduma da masu gidan abinci suke nufi. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne a Mayun 2013 jami'an tsaron gaɓar tekun Filifin sun harbe wani masunci ɗan Taiwan, Taiwan ta dakatar da ɗaukar ma'aikata 'yan Filifin, cikin wata uku Manila ta aika wakili ya nemi afuwa. Mutanen Hong Kong suka ce ashe matsi ake ji. A Fabrairun 2014 gwamnatin C.Y. Leung, wanda ya gaji Donald Tsang a shugabancin Hong Kong, ta janye wa masu fasfon gwamnati da na diflomasiyya na Filifin damar shiga ba biza. Ranar 23 ga Afrilu, 2014 aka daidaita: Joseph Estrada, tsohon shugaban ƙasa wanda a lokacin shi ne magajin garin Manila, ya je Hong Kong ya nemi afuwa da sunan birnin, gwamnatin ƙasar Filifin ta bayyana matuƙar takaici da jaje, aka biya iyalai kuɗi, aka sauke gargaɗin. Sai a Afrilun 2018 shugaban ƙasa na lokacin, Rodrigo Duterte, ya nemi afuwa da bakinsa a Hong Kong.

Na huɗu, a'a, na uku ne, batun Beijing. Harkokin wajen Hong Kong a hannun gwamnatin tsakiya suke, kuma Beijing ta yi Allah wadai, ta nemi cikakken bincike. Amma a cikin waɗannan shekaru babbar rigimarta da Manila a kan teku take. A Afrilun 2012 jiragen ƙasashen biyu suka yi cirko-cirko a yankin Scarborough na Tekun Kudancin Sin, wanda kowace ke cewa nata ne, aka riƙe ayabar Filifin a tashoshin Sin har ta ruɓe, kamfanonin yawon buɗe ido na Sin suka dakatar da kai mutane. A Janairun 2013 Manila ta kai ƙara kotun sasanci a Hague... Na'am, Hajiya, ga hannunki a sama tun ɗazu, bismillah.

Ga waɗanda ba su ji ba, Hajiya tana tambaya ne a kan 'yan Filifin da ke zaune a Hong Kong, ko an huce a kansu. Na gode, Hajiya, wannan ya fi abin da nake shirin faɗa muhimmanci. A lokacin akwai 'yan Filifin fiye da dubu ɗari a Hong Kong, galibinsu mata masu aikin gida, kuma doka ta wajabta musu kwana a gidan mai aikin. Ke nan a daren nan, a gidaje da yawa, uwar gida da 'yar aikinta a gaban talabijin ɗaya suka kalli abin. An samu rahotannin zagi a titi da a intanet, an kuma samu rahoton wasu da aka sallama daga aiki, kuma ga mai aikin gida baƙuwa sallama babbar magana ce, domin idan kwantiragi ya katse mako biyu take da shi ta bar garin. A majalisar dokokin Hong Kong wasu sun nemi a taƙaita ɗauko 'yan aikin Filifin domin matsa wa Manila. Gwamnati ba ta bi wannan hanya ba, kuma ina ganin dalili biyu ne: Donald Tsang tun da wuri ya roƙi jama'a kada su huce a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, sannan iyalai da yawa a Hong Kong ba za su iya fita aiki ba idan babu mai kula musu da yara da tsofaffi. Shi ya sa da takunkumi ya zo a 2014, a kan fasfon jami'ai ya sauka. Su kuma ma'aikatan, a ranar Lahadin da ta biyo baya, wadda ita ce ranar hutunsu, sun taru sun yi addu'o'i ga mamatan a tsakiyar birnin. Malam shugaba, na san lokaci ya ƙure, amma akwai wani bawan Allah can gefen taga da ya ɗaga hannu, idan ka yarda a ba shi abin magana.