Dalar Maslow: Sai An Ƙoshi Ake Buri?

Salamu alaikum jama'ar Zango. Hoton nan na dala mai hawa biyar ya cika WhatsApp daga Aboabo har Asawase a nan Kumasi, ana ta tura shi da rubutu a ƙasa, wai talaka ya cika cikinsa tukuna, buri na masu kuɗi ne. Bari mu duba.

[Hoton dalar]

Tushen maganar wani masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, Abraham Maslow, a wata maƙala da ya fitar a 1943. A gurguje: ƙasa akwai ci da sha da barci. Sai tsaro. Sai ƙauna da zama cikin mutane. Sai mutunci. Can ƙololuwa kuma, mutum ya yi aiki da baiwar da Allah ya ba shi har iyakarta. Ga su nan a allo, ba sai na ja ba.

Inda ake ɓata shi ne nan. Mutane sun ɗauka matattakala ce, sai ka gama da hawa ɗaya kakaf kafin ka taka na gaba. Maslow bai faɗi haka ba. A cikin maƙalar nan ma ya yi kashedi da wannan fahimtar, har ya kawo misali: mutum na iya samun kashi 85 cikin ɗari na buƙatun jiki, 70 na tsaro, 50 na ƙauna, 40 na mutunci, 10 na can sama, duk a lokaci guda. Alƙaluman na misali ne, ba ƙidaya ya yi ba. Amma ku lura, babu ɗari bisa ɗari ko a hawa ɗaya, kuma na sama bai tsaya jiran na ƙasa ba.

Ita kanta dalar ba shi ya zana ta ba. Ta shahara ne daga wani rubutu da wani masanin halayyar ɗan Adam, Charles McDermid, ya yi wa manajojin kamfanoni a 1960.

[Kasuwar Kejetia da hantsi]

Ku kalli 'yan kayayo ɗin nan, 'yan matan da ke dakon kaya a ka. Da yawansu daga Arewacin Ghana suka zo, wata a bakin shago take kwana. In dalar za a bi, ba ta da hurumin tunanin komai sai koko da ƙosai. Amma tana zuba adashi don ta sayi keken ɗinki. Ku wulaƙanta ta ku ga yadda za ta sauke muku kayanku ta bar muku sidinku. Wallahi ni wannan ke burge ni.

Ban ce yunwa wasa ba ce. Maslow ya ce wanda yunwa ta yi wa katutu, abinci kawai yake gani ko a mafarki. Gaskiya ne. Sai dai yawancinmu ba a nan muke ba. Muna cikin rashi ne, yau a samu, gobe a rasa.

[Taswirar duniya]

A 2011, wasu masana halayyar ɗan Adam, Louis Tay da Ed Diener, sun binciki bayanan mutane daga ƙasashe 123. Sun tarar cewa abinci da muhalli su suka fi tasiri a kan yadda mutum ke auna rayuwarsa. Jin daɗin yau da kullum kuwa ya fi rataya a kan girmamawa da samun mutanen da za ka dogara da su, kuma hakan na aiki ko ga wanda bai gama da matsalar abinci ba.