Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Indiya a Zaman Tunawa da Naushad Ali

Assalamu alaikum. Mai girma Jakada, ranka ya daɗe, lale marhabin da kai da 'yan rakiyarka. Iyayenmu, malamanmu, makaɗa da mawaƙan fim, barkanku da zuwa. Kano ta Dabo tana yi wa baƙonta sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, kiɗan ƙasarku ya riga ka zuwa garin nan da daɗewa. Iyayenmu sun cika gidajen silima suna kallon Mother India, fim ɗin 1957, su fito suna rera waƙoƙinsa alhali ba sa jin Indiyanci. Sunayen jarumai kowa ya haddace. Wanda ya tsara kiɗan kuwa, ba kowa ya san shi ba. Shi ne Naushad Ali, kuma dominsa muka taru yau.

An haife shi a Lucknow a 1919. Mahaifinsa magatakardan kotu ne, ko zancen kiɗa ba ya so. Yaron kuwa yakan je silima a zamanin da fim bai fara magana ba, hankalinsa yana kan makaɗan da ke zaune gaban allo suna raka hoto da kiɗa. A 1937 ya bar gida ya nufi Bombay, har kwanan bakin titi ya yi. Duk wanda a cikinmu ya taɓa gaya wa iyayensa cewa kiɗa zai riƙa a matsayin sana'a ya san nauyin wannan tafiya.

Fim ɗin Rattan na 1944 ne ya fito da sunansa, amma ni fim ɗin Baiju Bawra na 1952 ya fi tsaya mini a rai. A nan ya ɗauko kiɗan gargajiyar ƙasarsa, wanda ake ganin sai masana, ya haɗa shi da muryar mawaƙi Mohammed Rafi, sai ga talaka yana rerawa a kasuwa. Ina faɗin haka ne don matasanmu su ji, domin fiyano ta mamaye situdiyonmu, goge da kalangu da garaya suna rataye. Indiya ta karrama shi da lambar Dadasaheb Phalke ta 1981, babbar lambar yabo ta harkar fim a ƙasar, ya rasu a 2006.

Roƙonmu ɗaya ne, mai girma Jakada: a buɗe wa yaranmu hanyar zuwa ƙasarku su koyi tsara kiɗan fim. Makaɗanmu sun shirya, bisimilla, ga wurin zamanka.