Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Wasanni

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, iyayenmu da malamanmu, 'yan'uwa matasa. A madadin 'yan tseren gudu na Zariya, muna yi wa babban baƙonmu lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da ƙurar hunturu.

Ranka ya daɗe, akwai wani wasa da yawancinmu a talabijin kawai muka san shi, wato tseren dogon zango a kan dusar ƙanƙara. Ɗan wasa zai ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya yi ta tunkuɗa kansa, hawa da gangara, kilomita goma ko hamsin. Jarinsa numfashi da juriya, kuma yaranmu suna da su.

Philip Boit na Kenya ɗan gudu ne kamar waɗannan yaran kafin a kai shi Finlan ya koyi zamiya. A gasar Olamfik ta hunturu a Nagano, ƙasar Japan, a 1998, ya shiga tseren kilomita 10 ya zo na ƙarshe. Amma wanda ya ci zinare, Bjørn Dæhlie na Norwe, ya tsaya a bakin layi har Boit ya iso, ya rungume shi. Boit bai ajiye sandunansa ba, ya sake fitowa a 2002 da 2006, ya kuma sa wa ɗansa suna Dæhlie. Mu ma muna da namu: Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, ya wakilci Najeriya a wannan wasa a Beijin a 2022, shi kaɗai ɗan wasanmu a can.

Ƙanƙara dai ba mu da ita. To amma su kansu Turawa idan ta narke, a kan kwalta suke atisaye da allunan zamiya masu taya. Kwalta kuwa akwai ta daga Ƙofar Doka har Samaru, ga yara da ke fita gudu tun bayan sallar asuba, wasu da takalmin aro.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a taimaka mana da waɗannan alluna ko da guda goma ne, da hulunan kwano, da mai horarwa wanda ya san aikin. Yaran na nan a bayanka, za su yi zagaye ɗaya ka gani da idonka kafin ka yi mana jawabi.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya kuma mayar da baƙonmu gida lafiya.